Duman da Aka Sa wa Hula

Damina ce, ta yi nisa, lokacin da masara ta fara bushe gemu amma kayan shanya sai su wuni a igiya su kwana ba su bushe ba. Shekarar ba ta zo da daɗi ba. Komai sai an yi layi, sabulu, madara, shinkafa, ga soja tsaye da bulala yana gyara layin. Masaƙun Kakuri suna ta rage ma'aikata, har ya zama mata kan leƙa ƙofa da rana tsaka su ga ko maigida ya dawo da kwanon abincinsa kafin lokacin tashi. Da magariba kuwa, in hadari ya haɗo, wutar matatar mai ta wajen Rido takan haska gindin gajimare ya yi jajir, kamar ana toya wani abu a sama. Har yau in na ji ƙanshin sabulun salo a jiƙe, wannan jan sama nake fara gani.

A Makera muke zaune, gidan haya mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya. Ina 'yar yarinya, na isa aike amma ban isa girki ba. Babana direban tanka ne, ba ya zama. Innata tana ɗauke da tsohon ciki. Sai yayana, saurayi, wanda masaƙa ta sallama a farkon damina, ya dawo gida yana wuni a kan benci yana kallon ƙafarsa. Sai kuma kakana na wajen uba, a ɗakin ƙarshe kusa da madafa.

Kaka wanzami ne, haka ubansa, haka uban ubansa. Babana ne ya yanke igiyar, don tun yana yaro jini ke sa shi jiri. Kaka bai tilasta masa ba. Amma akwai abu guda da bai taɓa sassautawa a kai ba: a gidanmu ba a kiran wanzamin waje ya aske kan jariri ranar suna. Ni da yayana duk shi ya aske mu.

Ni na fara lura da hannunsa. Ni ke kai masa koko da safe, sai na ji ludayi yana bugun haƙoransa, ƙas-ƙas, kokon yana zuba a gemu. Ya daina fita da zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aski. Masu zuwa aski a ƙofar gida yakan ce musu idonsa ne ke ciwo. Idon lafiyarsa ƙalau.

Wata safiya ya sa na kira masa yayana. Ya ce da shi uwarsa ta kusa haihuwa, kuma kan wannan jaririn shi zai aske. Yayana ya yi dariya, ya ce ai yanzu zamani ya canza, ga reza a shago, ga almakashi, ga wanzamai birjik a ƙetaren gada. Kaka bai yi musu ba. Ya dai miƙo hannunsa na dama a tsakaninsu, ya buɗe shi, muka tsaya muna kallon yatsun suna rawa su kaɗai kamar ganye.

"In ba ka yi ba, ni zan yi," in ji shi. "Da wannan."

Inna tana bakin ƙofa tana tsinar shinkafa. Na ga ta ajiye faifan, ta dafa cikinta.

Haka koyo ya fara. Da farko ko kan kyanwa ba a ba yayana ba, wasa aska kawai. A ɗiga ruwa a dutse, a kwantar da bakin askar, a ja, a juya, a ja. Daga nan a koma kan fata. Wannan ƙarar, shuu-shak, shuu-shak, ta cika gidan tun hantsi har azahar, har ta shiga kunnena ta zauna, ina jin ta ko an daina. Kaka yana zaune a tabarma ido rufe, da kunne yake gyara masa. Ya ce ya tayar da baki da yawa, ya ce ya yi sauri, ya ce aska ba adda ba ce. Ya nuna masa riƙo, yadda ƙaramin yatsa ke zama a kan ƙota, da yadda babban yatsan hagu ke jan fata ta miƙe kafin aska ta iso. Ya ce a kwance take tafiya, kamar mai rarrafe, kuma ba a taɓa jan ta a kaikaice, don a nan take cizo.

Da hannu ya ɗan faɗa sai aka nemi duma. Mu haka ake koyo a zuriyarmu. Ɗanyen duma da ya ƙosa girmansa girman kan mutum ne, fatarsa kuma ba ta ɓoye laifi, ko yaya aska ta taɓa ta sai ta yi hawaye. A shafa masa kumfa, a ɗora a cinya, a aske kumfar.

Maƙwabciyarmu ce ke da duma. 'Yar Filato ce, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa, duk yaran gidan Mama muke ce mata. Murhunta yana jikin na Inna, cokali ɗaya suke aro. Ita ta shuka duman ya hau rufin madafa. Ta sa aka ciro mata wanda ya fi girma, ta kawo wa Kaka tana tsokanarsa, wai ga sabon kwastoma, wannan ba ya surutu kuma ba ya cewa an rage masa gemu. Kaka ya ce da dukan mazan gidan nan haka suke da bai tsufa da wuri ba.

Da zai miƙa wa yayana, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce in ya gama kullum ya wanke shi ya kifa masa ƙwarya. Kuma kada ya kira shi da sunan kowa, ko da wasa. Duma ne, a bar shi a duma. Yayana ya tambayi dalili. Kaka ya ce haka aka faɗa masa, shi kuma bai tambaya ba.

Yayana ba shi da haƙuri a lokacin. Hannu ne da ya saba da inji. Kafin mako ya zagayo duman ya cika da tsaga, kowace ta yi baƙi-baƙi bayan ta bushe. Kaka yakan shafa da yatsa ya ce, wannan ka cire wa mutum kunne, wannan kuma sai an kai shi asibiti. Yayana ya yi tsaki a ciki-ciki.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, gari ya yi luf, rana ta ɓuya amma ruwa bai sauko ba. Kaka ya shiga ɗaki ya kwanta. An wanke farar hularsa an kifa a kan turmi tana shan iska. Yayana yana zaune da duma a cinya, ni ina riƙe masa ƙoƙon kumfa. Sai ya dube ni, ya dubi hular, ya yi murmushi.

Kun san yadda jika yake da kakansa. Tsokana ce tsakaninsu kullum, ni Kaka amarya yake ce mini, yayana kuwa ɓarawon tuwo. Ba da mugun nufi ba ne. Yayana ya miƙa hannu murhun Mama ya ɗauko gawayi, ya zana wa duman ido biyu, da hanci, da baki mai giɓi. Ya ɗauko hular ya kafa masa a karkace, daidai yadda Kaka ke sa ta. Ya shaƙe murya ya ce, "Amarya, ina goron nawa?" Na yi dariya har kumfa ta zube mini a zane.

Ya ture hular gaba, ya shafa kumfa a ƙeya, yana cewa, "Tsoho, zauna da kyau mana, ka cika motsi." Yana dariya yana jan aska. Sai ta kuɓuce. Ta yi doguwar tsaga a gefen hagu, bayan inda kunne zai kasance. Ruwan duman ya taru a bakin tsagar, ya gangaro a hankali.

A daidai nan, daga cikin ɗaki, muka ji Kaka ya ce, "Wash." Ba da ƙarfi ba. Kamar wanda sauro ya ciza cikin barci.

Ba mu motsa ba. Mama ce ta fito da tukunya ta same mu haka. Ta dubi duman, ta dubi ƙofar Kaka, ta ajiye tukunyar a ƙasa. Ban taɓa ganin ta rage murya ba sai ranar. Ta ce mu cire hular nan maza, ko a garinsu ba a sa wa abu kayan mai rai. Yayana ya mayar da hular kan turmi, ya goge fuskar da gefen rigarsa. Amma gawayin ya riga ya haɗu da ruwan duma ya shige tsofaffin tsagu. Fuskar ta dushe, ba ta tafi ba. Ya kifa ƙwarya.

Da la'asar Kaka ya fito alwala, ni ke zuba masa ruwa saboda hannun. Da ya zo shafar kunne, ya karkata kai, sai na gani. Bayan kunnen hagu, doguwa, siririya, sabuwa fil, jini ya gangara har wuyan riga. Ya dubi yatsansa da ya yi ja, ya ɗauraye. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ce in miƙo masa hularsa. Da ya sa, sai ya ce hular da ɗumi, kamar yanzu aka cire ta daga kan wani.



Daga ranar yayana ya ƙi taɓa aska. Da sassafe yakan fice, wai neman aiki a unguwar Television, ba ya dawowa sai sama ta yi wannan jan. Gidan ya yi shiru babu shuu-shak, shirun ya fi ƙarar damuna. Duman yana nan a gindin bango ƙarƙashin ƙwarya. Yaran gida suka daina wasa a wannan gefen ba tare da an hana su ba. Ni in zan wuce madafa sai in kewaya ta bayan rijiya. Sau ɗaya na kasa daurewa na ɗaga ƙwaryar kaɗan. Idanun nan biyu sun ƙara dushewa, sun zama kamar na mai barci. Na mayar a hankali don kada in tashe shi.

Ƙafafun Inna kuwa sun kumbura, ta fara tafiya tana dafa bango. Na ji ta tana roƙon Kaka, cikin ladabi, ko zai yarda a kira wani abokin sana'arsa, sau ɗaya tak. Ya ce mata, ki yi haƙuri, 'yata. Da yamma na gan shi ya fito da zabira, ya zaro aska, yana gwada riƙe ta shi kaɗai. Bakinta yana ƙyalli yana rawa a iska. Inna ma ta gani. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Mama ce ta tare yayana a ƙofar gida. Ban ji duka ba, na dai ji tana cewa shi yana tsoron duma, uwarsa kuma tana tsoron hannun tsoho, to a cikinsu wa ya fi gaskiya? Washegari bai fita ba.

Kaka ya sa ya ɗauko duman ya buɗe a gabansa. Ya daɗe yana kallon fuskar. Yayana ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana ba da haƙuri.

"Giɓin ba a wannan gefen yake ba," in ji Kaka. "Ɓarawon tuwo, ko zane ba ka iya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Kaka ya ce abin da aka yi an yi shi. Tunda ya ba duma kansa, to sai ya aske shi kamar kansa. Ya ja tabarmarsa gaba kaɗan, ya zauna ya juya mana baya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tsagar bayan kunnen ta fara kamewa. Ya ce, "Bisimilla."

Ni ina tsakiya da ƙoƙon kumfa, ina ganin su duka biyu. Yayana ya shafa kumfa, na ga kafaɗun Kaka sun ɗan ɗaga, kamar wanda sanyi ya taɓa. Yayana ya ɗora aska. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ja a hankali, a kwance, ya goge a bayan hannu, ya sake ja. Can ya ɗan danna, ni kaina ban lura ba, Kaka ya ce, "Sassauta," bai waiwayo ba. Da aka zo gefen hagu ya ce, "Bi a hankali, wurin da ciwo."

Wataƙila kunne ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sauraron aska zai iya sanin inda take da ƙararta. Haka nake faɗa wa kaina. Abin da na sani shi ne, daga wannan rana duman bai ƙara samun tsaga ko ɗaya ba. Kullum haka suke zama, ɗaya da duma, ɗaya da baya a juye, har hannun yayana ya zama ba ka jin komai sai ɗan sautin kumfa.

Inna ta sauka wata safiya ana yayyafi, Mama da ungozoma a kanta. Mace, da gashi baƙi wuluk har goshi. Babana ya dawo da rago a bayan tanka. Jajiberin suna Kaka ya miƙa wa yayana kansa na gaske, ya aske shi tas, ya bi ta gefen tabon nan bai taɓa shi ba.

Ranar suna gari ya waye a wanke. Bayan an yi addu'a an watse, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ba mu da tsohuwa a kusa, don haka Mama ce ta riƙe jaririyar a cinyarta, bakinta yana motsi da tata addu'ar. Inna tana bayan labule, ina ganin yatsunta a jikin ƙofa. Kaka ya zauna gefe, hannayensa a ƙarƙashin cinya don kada a ga rawarsu. Yayana ya jiƙa kan da ruwan ɗumi. Kan bai kai rabin duman ba. A tsakiyarsa maɗiga tana bugawa, fatar tana hawa tana sauka.

Ya fara daga goshi. Gashin yana faɗowa a faifai kamar toka. Ya yi gefe, ya yi ƙeya. Saura tsakiya. Ya miƙar da fatar da babban yatsa, ya kawo aska daf da maɗiga, sai ya ɗaga ta sama ya tsaya. Muka zuba masa ido. Na ɗauka tsoron ne ya dawo. Kaka ya buɗe baki zai yi magana.

Sai jiniyar masaƙa ta ɗauki kuka. Jaririyar ta zabura, ta wuntsila kai, ta tsala ihu. Da askar tana wurin, ban san abin da zan rubuta a nan ba. Yayana ya jira har jiniyar ta mutu, Mama ta jijjiga ta ta yi shiru, sannan ya ƙarasa. Ko ɗigon jini babu. Daga baya ya ce masaƙa ta sallame shi amma cikinsa bai manta lokacin jiniya ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Kaka ya tura masa zabirar da ƙafa.

Na ɗauka an gama. Amma da yamma, baƙi sun tafi, sama ta fara ja ta wajen Rido, Kaka ya ce saura abu ɗaya. In mai koyo ya gama, shi ke fasa dumansa da taɓarya, a watsa 'ya'yan a bayan madafa, don na gaba ya samu abin koyo. Ba a ajiye shi. In ya bushe da abin da ke jikinsa, shi ke nan ya zauna da shi.

Aka buɗe ƙwarya. Yayana ya ɗauki taɓarya ya tsaya a kan fuskar nan mai barci. Ya ɗaga, ya sauke. Kaka yana zaune kai ba hula, sabon aski yana sheƙi, yana cewa, "Fasa mana." Inna ta ce daga ɗaki, Baba, don girman Allah a bari. Babana ya ce duk camfi ne, a ba shi nan. Aka miƙa masa taɓaryar, ya riƙe, ya dubi kan ubansa, ya jingine ta a bango ya ce hannunsa da maiƙon nama. Kaka ya yi dariya ya ce to a bari sai da safe, amma kada rana ta take.

Shekaru sun tafi. Mun daɗe da barin Makera mun ƙetare gada, Mama kuma ta ƙara yin kudu, kamar yadda mutane suka yi ta rarrabuwa. Sai a biki ko rasuwa muke haɗuwa, mu rungume juna mu rasa ta inda za mu fara. Masaƙun sun yi shiru, babu jiniya. 'Ya'yana maza shago suke zuwa, a kunna janareta a bi kansu da kilifa suna kallon ƙwallo, ba wanda ke riƙe numfashi. Ban ce hakan laifi ba ne. Yayana har yanzu da zabirar yake yawo, shi ya aske duk 'ya'yana. Shi a ganinsa Kaka ba barci yake ba ranar da aka sa wa duma hula, yana jin mu ta taga, ya ɗauki ƙaramar askarsa ya tsaga bayan kunnensa da gangan, don ya san ba abin da zai zaunar da hannun saurayi sai tsoro. Nakan ce masa zai yiwu. An fasa duman da hantsi, Kaka ko atishawa bai yi ba, ya ƙara shekaru masu dama a duniya. Amma yayana ba ya wurin da asuba.

A waccan asubar, da na ji maza sun fita masallaci, na tashi na lallaɓa. Gari bai gama wayewa ba, duk ƙofofi a rufe. Na ɗauki duman na kai bayan rijiya, na ja ruwa, mai sanyi har yatsuna suka ƙage. Na sa soso da sabulu na wanke fuskar a hankali, yadda na ga ana yi wa jaririya. Inda gawayi ya shige tsaga na bi da tsinken tsintsiya na ƙwaƙule. Ina yi ina raɗa masa, kai duma ne, kai ba kowa ba ne. Har ido ya tafi, hanci ya tafi, giɓi ya tafi. Na tsane shi da zanena, na mayar gindin bango, na kifa ƙwarya yadda take, na je na zauna ina hura wuta.

Kaka ne ya fara shigowa. Bai dubi wajen bango ba. Ya zo wucewa ta gabana sai ya tsaya, yana goge fuska da hannun riga, idanunsa sun yi ja kamar wanda sabulu ya shiga.

"Sannu da aiki, amarya," in ji shi. "Amma wata rana in za ki wanke wa tsoho fuska, ki ɗumama ruwan."